Yadda ake kamun kifin fac a mashigin Saginaw

A gabashin jihar Mishigan ta Amurka, tafkin Huron ya kutsa cikin ƙasa ya yi wani babban mashigi da ake kira Saginaw. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 3,000, amma ba shi da zurfi. Ɓangaren ciki, daga garin Bay City zuwa wajen tsibirin Charity, matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 5 ba. Ruwan daɗi ne, ɗumi yake yi da wuri, ƙasansa laka ce da yashi da ciyayi. Irin wurin da kifin fac ke so ke nan.

Fac, wanda masana ke kira Perca flavescens, ƙaramin kifi ne, bai fi matsakaiciyar karfasa ba. Jikinsa ruwan ɗorawa ne da baƙaƙen layuka shida zuwa takwas a tsaye, fikafikan cikinsa ja-ja, a gadon bayansa kuma akwai ƙayoyi masu tsini. Yawancin wanda za ka kama tsakanin santimita 15 ne da 30. Mafi girma da aka taɓa rubutawa kilo 1.9 ne, an kama shi a jihar New Jersey tun 1865, har yau ba a samu wanda ya ɗara shi ba. Ba don girma ake binsa ba, don nama ne. Fari ne tas, mai tauri, ba ƙarni, kuma a garuruwan da ke kewaye da Manyan Tafkuna biyar na Arewacin Amurka, waɗanda Huron ke cikinsu, shi ne sarkin soyayyen kifin daren Juma'a.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun yanzu. Kama fac ba wuya, yaro ma yana yi. Gano inda yake shi ne aikin. A garke yake yawo, kusa da ƙasa, kuma garken ba ya tsayawa. Mutum biyu za su fita rana ɗaya da kaya iri ɗaya, ɗaya ya cika kularsa kafin hantsi, ɗayan ya wuni yana kallon sanda, alhali tsakaninsu bai fi taku ɗari ba.

Da farko, takarda

Duk wanda ya kai shekara 17 sai da lasisi zai jefa ƙugiya a Mishigan, baƙo ne ko ɗan gari. Ana saye a shafin hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, ko a shagunan sayar da koto. Akwai na kwana ɗaya, akwai na shekara wanda ke ƙarewa ranar 31 ga Maris. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Yuni, ana ware Asabar da Lahadi da ake kamun kifi ba lasisi, amma sauran dokoki suna nan daram.

Mutum ɗaya ba zai wuce sanda uku ba, ƙugiyoyinsa duka kuma kada su haura shida. Fac 25 aka yarda ka ɗauka a rana. Da 50 ne, sai aka rage a Saginaw a 2015, kuma dalilin ya shafi yadda za ka yi kamunka. Wajen 2003 zuwa 2004 wani ɗan kifi da ake kira alewife ya kusa ɓacewa daga tafkin Huron. Shi ne ke cinye 'ya'yan walai, wani babban ɗan uwan fac mai farauta. Da ya kau, walai ya hayayyafa har hukuma ta daina zuba shi a mashigin, shi kuma da ya rasa abincin da ya saba, wato alewife ɗin, sai ya koma kan 'ya'yan fac. Fac na haihuwa da yawa, kaɗan ne ke kai shekara. Don haka tsofaffin wurin in suna ba ka labarin lokacin da ake cika bokiti daga kan gada, ka saurara da ladabi, amma kada ka fita da wannan tsammanin. Dokokin kan sauya, sai ka duba littafin DNR na shekarar kafin ka fita.

Kayan aiki

Kada a ruɗe ka da kaya masu tsada. Sanda marar nauyi mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, wadda bakinta ke da laushi, ita ce gaba da komai, domin a bakin nan za ka ga cizo. Ƙaramin manaɗin zare, da siririn zaren roba mai ɗaukar kilo 2 zuwa 3, wanda a shago za ka ga an rubuta 4 ko 6 a jikinsa. Ƙugiya lamba 6 ko 8, mai dogon wuya ta fi, don fac kan haɗiye ta kuma dogon wuyan ke ba ka wurin kamawa. Dalma daga giram 14 zuwa 28.

Ɗaurin kuwa haka yake: dalma a can ƙarshen zare, ƙugiya ta farko kamar ɗani ɗaya a samanta a kan ɗan guntun reshe, ta biyu kamu ɗaya a saman ta farko. Shagunan bakin ruwa na sayar da shi a haɗe, wasu da jajayen duwatsun ado ko 'yan ƙarafa masu walƙiya. In ruwa ya yi garau, wanda ba ado ya fi ci. In ya gurɓace bayan iska, mai walƙiyar ya fi. Akwai kuma wata waya mai hannu biyu da ke raba ƙugiyoyin hagu da dama, dalma a tsakiya. A tafkin Erie an fi amfani da ita, amma a nan ma tana aiki idan kifin ya manne da ƙasa.

Ka ƙara da ɗan filaya, tsumma, bokitin koto, da kula cike da ƙanƙara.

Koto

A nan ne ba a rowa. Koton da ya fi kowane a Saginaw shi ne wasu 'yan kifaye masu sheƙin azurfa da ake kira shaina, masu tsawon ɗan yatsa ko ƙasa da haka. A raye ake sayar da su. In ka bar ruwan bokitinsu ya yi zafi, ko ka cusa su da yawa, kafin ka isa wurin kamu rabi sun juya ciki sama. Ka ajiye su a inuwa, ka sa ɗan injin iska mai batir in kana da shi. Ana soke ƙugiya ta leɓɓansa biyu daga ƙasa zuwa sama, ko ta bayansa a ƙarƙashin fiffike ba tare da an taɓa ƙashin baya ba, don ya ci gaba da motsi.

Guntun tana ma na kamawa, haka farar tsutsa, sai dai suna jawo ƙananan kifi da wanda ba ka nema. Wani abu da sababbi ba su cika yarda da shi ba sai sun gani: idan fac yana ta ƙwace maka koto ba ka kama shi, raba shainar biyu ka sa kai ko wutsiya kaɗai. Bakinsa ƙarami ne. Guntun ya fi shiga, tare da ƙugiya.

Koton da ya rage ba a zuba shi a ruwa. Doka ta hana, saboda cutar kifi da baƙin halittu. Shara ake kai shi.

Wane wata, wane wuri

Wannan ne zuciyar maganar, don haka bari in daɗe a kai.

Da ƙanƙara ta narke, ƙarshen Maris zuwa Afrilu, fac na matsowa gaɓa don ya yi ƙwai, lokacin da sanyin ruwa ya kai digiri 7 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas. Macen na sakin ƙwanta a wani dogon zare mai yauƙi da ke iya kai mita 2, ta rataye shi a jikin ciyayi da rassa. A makonnin nan kifin na shiga bakin koguna da manyan magudanan da aka haƙa don janye ruwa daga gonaki, waɗanda suka cika kudu da gabashin mashigin, wajen garuruwan Quanicassee da Sebewaing. Wannan ne rabon marar jirgi. Daga bakin magudana, kan kujerar roba, za ka kama. Sai dai lokacin gajere ne, wani sa'in mako biyu, kuma labari ke tafiyar da shi. In ka ga motoci sun yi layi a gefen wata gada a tsakiyar gonaki, to ba biki ake ba.

Daga Yuni zuwa farkon Agusta kifin na watsuwa cikin zurfi, yawancin masu jirage ma sun koma kan walai. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya koyi kamun fac a wannan lokaci.

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba garkunan ke sake haɗuwa, kifin ya yi ƙiba, kuma wannan ne lokacin masu jirgi. Daga garuruwan Linwood, Pinconning, Au Gres ko bakin kogin Saginaw ake fita, a nemi zurfin mita 4 zuwa 8. Masuntan wurin suna da sunayen da suka raɗa wa wurare, irin su Spark Plug, wata hasumiyar fitila a gefen hanyar manyan jirage, da Black Hole, wani kwari a ƙasan ruwa. Da sanyi ya ƙara shiga, Oktoba zuwa Nuwamba, wani kason kifin na sake komawa magudanai da matsayar jirage, mai kujerar roba ya sake samun nasa.

Abin da kake nema a ƙasan ruwa shi ne iyaka: inda yashi ya haɗu da laka, inda ciyawa ta ƙare, inda ƙasa ta ɗan gangara ko da rabin mita ne. A laka 'ya'yan ƙwari ke zama, fac kuma na tonon su. In jirginka na da na'urar hango kifi, kada ka nemi manyan alamu a tsakiyar ruwa. Fac kan fito kamar 'yan ƙuraje manne da layin ƙasa, ko kuma layin ya yi kauri ya yi gashi-gashi. In ba ka da na'ura, shagon koto shi ne na'urarka. Sayi shainarka, ka gaisa, ka tambayi zurfin da aka samu jiya. Ba za a faɗa maka takamaiman wuri ba, amma za a faɗa maka zurfi, kuma zurfin ya ishe ka. Da ƙafa suke aunawa, ƙafa uku da ɗan ɗoriya ita ce mita.

In ka tarar da tarin jirage, ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya a gefen taron. Ratsa tsakiya da inji yana ruri na kora garke, kuma za ka ji maganganun da ba a koya maka a aji ba.

Da rana yake ci, da ido yake farauta. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. Da duhu ya shiga yakan kwanta a ƙasa, ba amfanin zama.

Jefawa da jin cizo

Ka jefa anga ta gaban jirgi, ka saki igiya mai tsawo, aƙalla ninki uku na zurfin ruwan, in da iska fiye da haka. Idan jirgin na lilo hagu da dama, koto na jan ƙasa kuma ba za ka ji cizo ba. Anga ta biyu ta baya na maganin wannan, amma a ruwa mai kwanciya kaɗai. In igiyar ruwa ta tashi, cire ta bayan, don kada ruwa ya shigo ta nan.

Ba a wurga ƙugiya nesa. Saki za ka yi a tsaye a gefen jirgi har zare ya yi sako-sako, alamar dalma ta taɓa ƙasa. Naɗe kaɗan har zaren ya miƙe, dalma na shafar ƙasa ko ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Nan ne wurin. Wanda ya ɗaga kotonsa mita ɗaya sama yana iya wuni a kan garke bai sani ba.

Lokaci-lokaci ka bar dalmar ta bugi laka sau biyu ko uku, ka ɗaga a hankali, ka tsaya cik. Ƙurar da ta tashi na kiran kifi, tsayawar kuma ita ke ba shi damar kamawa. Yawancin cizo a tsayawar nan yake zuwa.

Cizon iri biyu ne. Akwai tak-tak-tak mai sauri da ke karkaɗa bakin sanda, wanda galibi na ƙanana ne. Akwai kuma wanda ba ya bugawa sam, sai dai ka ga bakin sandar ya ɗan sunkuya ya tsaya, ko ka ɗaga ka ji nauyi kamar ciyawa ta maƙale. Babban ke nan. Kada ka fizga da ƙarfi, leɓensa siriri ne yana yagewa. Ɗaga hannu kawai, gajere, ka fara naɗewa ba tsayawa. In ka tabbatar ɗaya ya kamu, jinkirta daƙiƙa biyu ko uku kafin ka jawo shi. Motsinsa na tunzura na kusa da shi, sau da yawa sai ka fito da biyu.

Da garke ya zo, sauri ake yi. Cire kifi, sa koto, mayar ƙasa. Muddin akwai koto a gabansu suna nan, in aka bar ƙasa fayau minti biyu sai su wuce. Shi ya sa mutum uku a jirgi suka fi mutum ɗaya riƙe garke, kuma shi ya sa ba a lokacin ake ɗaukar hoto ko warware zaren da ya harɗe ba. Ajiye sandar da ta rikice, ɗauki wata.

Wajen cirewa, shafo kifin daga kai zuwa baya don ƙayoyin su kwanta, sannan ka riƙe. Murfin kunnensa ma na da kaifi.

Yaushe za ka tashi

An saba cewa kamun kifi haƙuri ne. A kan fac wannan magana rabin gaskiya ce. In ka yi minti 15 zuwa 20 ba cizo, ɗage anga. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma a nan masuncin maganar ta fi kamawa. Ba sai ka yi nisa ba. Wani lokaci sakin igiyar anga mita goma ya isa ya ɗora ka kan garken. In hakan bai yi ba, canza zurfi, ka matsa ciki ko waje da mita ɗaya, maimakon ka bi layin zurfin da ya riga ya ƙi.

Haka in ƙanana kaɗai ke fitowa. Fac na yin garke ne sa'a da sa'a, masu tsawo ɗaya a wuri ɗaya. Goma a jere masu santimita 12 na nufin a kan garken yara kake, manyan suna wani wuri, sau da yawa ɗan zurfi kaɗan ko a gefen garken. Yawancin mutane daga santimita 20 suke ajiyewa, wanda ya haura 25 kuma suna ce masa jambo. Ka lura da abu ɗaya: kifin da aka jawo daga zurfin da ya wuce mita 9, jakar iskar cikinsa na kumbura, ko ka sake shi da wuya ya rayu. A irin wannan zurfi, in ƙanana ne, tashi ya fi saki.

Akwai kuma gobi, wani ɗan kifi mai launin ƙasa da kumburarrun idanu, da ya shigo Manyan Tafkuna ta ruwan cikin jiragen dakon kaya wajen 1990. A kan duwatsu yake zama, ɓarawon koto ne na gaske. In ya dame ka, ɗaga koto kamu ɗaya sama ko ka koma kan laka. Haramun ne a doka ka yi koto da shi ko ka ɗauke shi a raye. Duwatsun kuma cike suke da 'yan ƙumba masu kaifi da ke gurje zare, don haka riƙa shafa kamu biyun ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri.

Iska da ƙanƙara

Rashin zurfin Saginaw shi ne haɗarinsa. Iskar arewa maso gabas na tahowa daga buɗaɗɗen tafki ba abin da ya tare ta, cikin ɗan lokaci ruwa ya tashi da gajerun igiyoyi masu tsayi da ke bugun ƙaramin jirgi ba hutu. Duba hasashen yanayi kafin fita, sa rigar kariya a jikinka, ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Janairu da Fabrairu, a shekarar da sanyi ya kama sosai, a kan ƙanƙara ake kamun. Ana huda rami, a zura 'yar gajeruwar sanda da ɗan ƙarfe mai walƙiya da jan dutse a ƙugiyarsa, ko shaina, galibi a ruwan da bai wuce mita 1 zuwa 3 ba kusa da gaɓa. A irin wannan wuri, in ka shiga bukkar da ke tare haske, da idonka za ka ga kifin yana zagaya koto. Ƙa'idar dai ɗaya ce: huda ramuka da yawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanƙarar da ba ta kai kaurin santimita 10 ba, garau mai ƙarfi, ba a taka ta, kuma kaurin nan ba ya zama ɗaya ko'ina. Ana tafiya ana dukan gaba da sandar ƙarfe. Mashigin ya yi suna wajen tsagewa. Iska in ta taso daga tudu tana iya raba faifan ƙanƙara da gaɓa da mutane a kai, masu tsaron gaɓa da ke garin Essexville sun sha fita ceto. Baƙo kada ya hau shi kaɗai, ya bi wanda ya san wurin.

Gyara da suya

Daga ƙugiya sai cikin ƙanƙara. Kifin da ya wuni a bokitin ruwan ɗumi namansa na saki.

A gida, kankare ɓawon tukuna, daga wutsiya zuwa kai. Yana da tauri, ka yi a waje ko cikin ruwa don kada ya fantsama ko'ina. Mutanen wurin da yawa na barin fatar, ita ke riƙe naman a kasko kuma tana da daɗi. Yanka a bayan kunne har wuƙa ta taɓa ƙashi, ka bi gadon baya da bakin wuƙar, ka ɗaga tsokar daga kan haƙarƙari maimakon ka yanke su, sannan ka zarce zuwa wutsiya. Juya ka maimaita. In ka ga 'yan baƙaƙen ɗigo ko 'yar rawayar tsutsa a naman, ka cire da bakin wuƙa, dahuwa sosai na kashe su.

Masana'antu sun daɗe suna gurɓata kogunan da ke zuba cikin mashigin, don haka ma'aikatar lafiya ta jihar na fitar da jagora kan yawan kifin da ya dace a ci daga kowane ruwa. Fac na cikin masu sauƙin lamari in an gwada da manyan kifaye masu kitse, amma mai juna biyu da mai ƙananan yara su duba jagorar.

Tsane naman da tsumma mai tsabta, barbaɗa gishiri da barkono, juya shi cikin fulawa ko garin masara, ka kaɗe. Mai ya yi zafi sosai, wajen digiri 180, kada ka cika kaskon. Minti biyu zuwa uku ya isa, da ya yi ja-ja ka kwashe. Wanda ba za a ci ranar ba, a zuba shi a leda a rufe shi da ruwa, a fitar da iska, a rubuta kwanan wata a jiki a sa a firiza.